Kifaffen Bokiti

Gidan Kafinta shi ne na ƙarshe a layin, daga shi sai katangar wata makaranta. Ɗakunan ba su da yawa, amma a baya akwai ɗan fili, kuma a nan shi da matarsa suka yi lambu tun 'ya'yansu suna rarrafe. Tumatir a tsakiya, kuɓewa a jikin katanga, tattasai da yalo ta wajen famfo. Kabewa an ƙyale ta ta haye rufin rumfar da yake aikin katako a ciki, kafin idonsa ya daina ganin layin fensir.

Matar ta rasu sanyi yana ƙarewa. 'Ya'ya Inna suke ce mata, shi kuwa Sifeto yake ce mata, don bai taɓa buga ƙusa ko dasa shuka ba face ta zo ta tsaya a kansa, hannu a ƙugu, ta nuna masa inda ya karkace. Ta tafi ta bar irin tumatir a gwangwanayen madara a kan tagar kicin, sun tsiro, kowanne da 'yan ganyensa. Mutane na shiga da fita ana ta'aziyya, shi kuwa sai a neme shi a rasa, a same shi a kicin yana ɗiga musu ruwa da cokali.

Da jama'a suka watse, babban ɗansa ya zo da maganar da kowa ya san tana tafe. Ƙannensa Yaya suke ce masa, har uban ya bi bakinsu. Ya ce Baba ba zai zauna shi kaɗai ba, ga hawan jini ga ciwon gwiwa, akwai ɗaki a gidansa an riga an sa gado. Kafinta ya san ɗakin. Can sama yake a gidan bene, tagarsa tana kallon bangon maƙwabta, kuma duk gidan babu ƙasar da za ta cika tafin hannu. Yaya ba mugun ɗa ba ne. Yaran yanzu haka suke, in sun ƙaunace ka sai su nemi inda za su ajiye ka su rufe ƙofa.

Kafinta ya ce shi ba zai bar abin da uwarsu ta shuka ya mutu a gwangwani ba. Aka ja aka ja, daga ƙarshe Yaya ya yanke: Baba ya dasa, ya yi lambunsa na zafin bana. In aka ga yana riƙe da lambu yana riƙe da kansa, gida nasa ne, ba mai sake ta da maganar. In kuwa abu ya gagara, ranar da aka kawo mota kada ya yi gardama. Kafinta ya yarda, don bai ga abin da zai gagare shi a lambun da ya san kowane lungu nasa ba.

Matar Yaya ita ta ɗauki nauyin abincinsa. Nas ce a wani asibiti, shi ya sa tsohon yake kiranta Likita, ita kuma in ya faɗa sai ta sunkuyar da kai ta yi murmushi. Aka ba ta makullin gida. Ranakun da take da aikin safe takan biyo da sassafe, lokacin da maganin hawan jini ya mayar da shi barci bayan asuba, ta ajiye kular abinci, ta share, ta goge, ta fita ba ta tashe shi ba. Sauran ranaku sai da la'asar, ko ma ba ta zo ba.

To, akwai wata doka a lambun nan da ba wanda ya sani sai Kafinta da matarsa. A farkon zamansu ta taɓa ba da ruwa da safe ta tafi kasuwa, shi ya fito ya ƙara, aka yi ta haka ba wanda ya san ɗan'uwansa yana yi, har tattasai ya ruɓe tun daga saiwa. Suka yi kwanaki ba sa magana sai ta bakin yara. Da aka shirya sai suka tsara: kullum da yamma a cika bokitin ƙarfe a bar shi a ƙarƙashin famfo ya kwana. Wanda ya riga fita da safe shi zai ba da ruwa, in ya gama ya kife bokitin a kan dutsen da ke gefen famfo. Ka ga bokiti a tsaye da ruwa, aikinka ne. Ka gan shi a kife, an ba da ruwa, cire hannunka. Ba a tambaya, ba a bin bayan mutum ana tura yatsa a ƙasa. Sifeto da take binciken komai ba ta taɓa binciken wannan ba, shi ma haka. A wurinsu ka ba da ruwa a kan ruwan wani daidai yake da ka dube shi ka ce masa maƙaryaci.

Bayan rasuwarta ya ci gaba da cika bokitin da yamma, don hannu ya saba. Ya dasa tumatir, ya kafa musu sanduna, ya ɗaure su da tsummokara. Suka kama, suka yi kyau, suka fara fure.

Wata safiya ya fito rana ta riga ta hau katangar makaranta, ana jin hayaniyar ɗalibai. Ya nufi famfo. Bokiti yana kan dutse, a kife, mariƙinsa an juya shi wajen katanga, ga zagayen danshi a siminti inda ya kwana.

Tsigar jikinsa ta tashi. Ya daɗe a tsaye. Kafinta ba jahili ba ne a kan wannan, ya san wanda ya tafi ya tafi, da shi aka ɗauke ta, da hannunsa ya zuba ƙasa. Amma mariƙin nan, ita kaɗai take juya shi haka. Shi in ya kife, duk inda ya faɗa nan ne. Ya waiwaya ya dubi lambun. Ba kowa sai iska tana kaɗa ganyen kuɓewa. Ya koma cikin gida. Kular abinci tana kan tebur, daɓen kicin yana ƙamshin sabulu. Ya wuce su bai tsaya ba, ya shiga ɗaki ya zauna a bakin gado, ta ɓangaren da ba nasa ba.

Ran nan bai ba da ruwa ba. Da yamma ya ɗaga bokitin ya cika. Washegari ya same shi a kife. Jibi ma haka.

Da rana ta take, ganyen tumatir sai su yi yaushi su rataye kamar tsumma. Yakan tsaya a inuwar rumfa yana kallonsu, hannuwansa a baya, ɗaya ya damƙe ɗaya, kamar yana tsoron kada su kuɓuce su tafi famfo. Yana gaya wa kansa ai ita dama a tushe take zubawa, a hankali, ruwan ya shige ciki, ba kamar shi ba da take cewa yana wanke wa ƙasa fuska ne kawai. Da yamma in sanyi ya sauka shukar takan ɗan ɗago, sai ya gyaɗa kai ya ce to, ga shi nan.

Sai kuma wata safiya ya tarar da bokiti a tsaye, cike, yadda ya bar shi. Ya ce a ransa yau nasa ne. Ya buɗe famfo ya yi ta jida, ya yi ta kwarara, har ruwa ya kwanta a kwamin shuka kamar tafki, ƙasar da ta tsage tana sha tana huci. Ya yi haka kwanaki, yana rama musu ƙishirwa. Daga nan bokiti ya koma kifewa.

Ya fara yaƙi da barcin nan na bayan asuba. Yakan kwanta ya juya fuska bango, ido a rufe, kunne a buɗe. Wasu ranakun babu komai sai ɗigar famfo. Wasu ranakun kuwa sai ya ji. Takun silifas a baranda, a hankali, ana jan diddige kaɗan. Ƙofar baya ta yi 'yar ƙararta. Mariƙin bokiti ya bugi ƙarfe. Ruwa yana zuba. Ya san takun nan, shekara da shekaru yana jin sa a wannan sa'a. Bai taɓa ɗaga kai ba. Yakan ƙanƙame mayafi ya riƙe numfashi, tsoro da daɗi sun cakuɗe har bai san wanne ya fi ba. Abin da ya tabbata a ransa shi ne in ya buɗe ido ya leƙa, shi ke nan, ba zai ƙara ji ba.

Tumatir suka yi 'ya'ya, manya, gwanin sha'awa. Ta sama ka gan su kore shar suna sheƙi. Ranar da ya tallafo guda ya juya ƙasansa, wajen da fure ya faɗi, sai ga tabo. Da fari kamar an jiƙa wurin ne kawai. Kafin 'yan kwanaki ya yi duhu, ya lotsa, ya bushe kamar fatar tsohon takalmi, baƙi ƙirin. Ya duba na kusa da shi, haka. Ya bi layi yana juyawa, kusan kowane babba yana ɗauke da nasa, kamar wani ya bi su da garwashi yana ɗanawa.

Ba sai an gaya masa ba. Ba tsutsa ba ce, ba kuma cutar da ke tsallakawa daga wannan zuwa wancan ba. Baƙin gindi ne, kuma ƙishirwa ke kawo shi in an bi ta da ambaliya. Shuka in ta bushe ba ta iya jan abincinta daga ƙasa ta kai shi har ƙarshen ɗan, sai wurin da ya fi nisa da reshe ya mutu. Sifeto in ta ga irinsa a kasuwa takan ce wannan tumatirin gidan malalata ne. Duk ya san wannan. Ya tsinke waɗanda suka fi lalacewa ya tura su cikin buhun garin katako a ƙarƙashin bencin aikinsa, don kada Yaya ya zo ya gani. Da yamma ya cika bokiti.

Maƙwabcinsa Tela ne, abokin tsokanarsa tun suna da baƙin gashi. Wata la'asar ya taka kujera ya leƙo ta katanga, tef a wuya, ya tarar da Kafinta yana juya wani tumatir a hannu. Ya tambaye shi ko a kan murhu tumatirinsa suke zama ne. Ya shiga ba da magani: a daka ɓawon ƙwai a zuba, a barbaɗa toka, akwai wani na feshi da ɗan'uwan matarsa yake yabo. Kafinta ya ce da ɓawon ƙwai yana tsirar da abu da Tela ya daɗe da shafa shi a sanƙonsa. Tela ya yi dariya har kujera ta girgiza. Sannan ya dubi ƙasa, ya ce kai, wannan tsagewar sai ta haɗiye allura da zarenta, yaushe rabon a ba su ruwa?

"An ba su da safe," in ji Kafinta.

"Kai ka ba su?"

"Sifeto."

Maganar ta fita ne kawai, yadda ta saba fita shekaru. Tela ya buɗe baki zai ci gaba da dariya, ya dubi fuskar abokinsa, ya rufe. Ya ce to, Allah ya ji ƙanta. Ya sauka daga kujera a hankali. Kafin magariba ya kira Yaya a waya. Kada a zarge shi, abin da ya kamata maƙwabci ya yi ke nan.

Yaya ya zo ranar hutunsa. Tun daga ƙofar baya wari ya tare shi. Ya bi ƙudaje har ƙarƙashin benci, ya jawo buhu, gindinsa ya yage, ruɓaɓɓen tumatir ya malalo a kan takalminsa. Ya zaga lambu, ya ga ƙasa a tsage, ya ga kuɓewa ta zubar da fure, yalo ya ƙanƙance. Ya dawo ya durƙusa a gaban uban, wanda ke zaune a kan kututture a bakin rumfa.

"Baba, wa yake ba lambun nan ruwa?"

Kafinta bai iya ƙarya ba, bai kuma iya faɗin abin da ke ransa a gaban ɗan da ta haifa ba. Ya dubi bokiti, ya dubi ƙafafunsa. Yaya ya ɗauki wannan a matsayin amsa. Ya ce ƙarshen mako zai zo da mota, akwai kuma likitan da yake so ya duba Baba, na ƙwaƙwalwa, ba wani abu ba ne, dubawa ce kawai. Ya tuna masa alkawarin rashin gardama. Tela ya ce ya ga Yaya ya daɗe zaune a cikin motarsa a ƙofar gida, goshi a kan sitiyari, kafin ya tayar.

Ana gobe za a zo, surukar ta iso da la'asar da kwalaye a naɗe da igiya, ta fara haɗa kaya. Ta sauke kwanuka, ta ninke zannuwan gado. Tsohon bai hana ba, bai kuma shigo ba. Da ta gaji da jin shirunsa ta dafa shayi ta kai masa rumfa, ta tsuguna daga gefe, nesa kaɗan, yadda ta saba. Ta yi ta kewaye-kewaye, ta tambayi gwiwa, ta tambayi magani, kafin ta ce ta ji abin da Tela ya faɗa, in Baba bai ga ta yi rashin kunya ba tana so ta ji daga bakinsa, don ita duk zuwan da take yi ba ta ga alamar ruɗewa a tare da shi ba.

Wataƙila don gobe za a tafi ne, wataƙila don ba 'yarsa ta ciki ba ce, sai ya faɗa mata. Ya ba ta labarin tattasan da ya ruɓe, da kwanakin da suka yi ba sa magana, da dokar da suka kafa. Ya nuna mata dutse. Ya ce shi bai ce ga abin da yake faruwa ba, Allah ne masani, amma yana cika bokiti da yamma yana samunsa a kife da safe, kuma bai taɓa ba da ruwa a kan ruwanta ba, ba kuwa yanzu zai fara ba.

Tun bai kai ƙarshe ba ta gane. Ta tuna safiyar da ta fara lura da bokitin, cike da ruwa a buɗe, a gidan tsoho mai rauni, ga sauro ya yi yawa bana. Ta ɗiba ta goge daɓe, ta juye saura a kwata, ta kife shi yadda ake kife kowane bokiti a wajen aikinta. Tun daga ranar duk safiyar da ta zo haka take yi, tana ganin alheri take yi.

Ta dubi tsohon. Fuskarsa yayin da yake maganar ba ta mai ruɗewa ba ce, ta mutumin da ake ziyarta ce. Ta gane in ta yi shiru, gobe za a ɗauke shi a kai shi bene a matsayin wanda hankalinsa ya taɓu, amma zai tafi da abinsa a zuciya. In ta yi magana wataƙila ya tsira da gidan, sai dai ita za ta zama wadda ta fitar masa da matarsa daga ciki. Ba a koya wa mutum irin wannan zaɓi a makarantar jinya. Ta daɗe tana murza bakin mayafinta.

"Baba, ni ce."

Ta faɗa masa duka, kanta a ƙasa: sauro, daɓe, kwata. Kofin shayi yana hannunsa, ya ajiye shi a kan benci a hankali kamar abin da zai fashe.

"Mariƙin fa? Me ya sa kike juya shi wajen katanga?"

"Don kada ka yi tuntuɓe da shi, Baba."

"Ita ma haka take cewa."

Sannan ya tambaya, murya can ƙasa, takun da yake ji a baranda fa. Nan ne hawaye ya zubo mata. Ta ce takalmanta na aiki suna ƙara a siminti, shi ya sa in ta shigo take cire su ta zura silifas ɗin da ke bayan ƙofar kicin, don kada ta tashe shi. Sun yi mata girma, dole take jan ƙafa. Ba ta taɓa tunanin na wa ne ba, ko kuwa ta sani ba ta ɗauke shi komai ba. Ta ce ya yafe mata.

Ya ce ba ta yi laifin da za a yafe ba, ta share hawaye, ba ya son kuka a lambu. Ya ce ƙasa ba ta ɓoye masa komai ba tun ranar farko, ido yana gani ba sai an sa yatsa ba, kuma kular abinci ba da ƙafarta take zuwa ba. Shi ne bai tambaya ba. Ya faɗi haka yana kallon dutsen famfo, kuma a lokacin ta ga tsufansa duka ya sauko masa a kafaɗa.

Can ya dafa gwiwa ya miƙe. Ya ce ta bar kwalayen nan haka, ta zo ta kama masa aiki. Ta ɗauka zai buɗe famfo ya kwarara, har ta kai hannu, ya hana. Ya ce wanda ya daɗe da ƙishirwa ba a ɗura masa, abin da ya yi ta yi wa tumatir ɗin ke nan ya ƙara kashe su. Da gwangwani ya bi su, kowane tushe kaɗan, ya jira ya shige, ya dawo ya ƙara. Ya sa ta kwaso busasshiyar ciyawa daga bayan rumfa suka shimfiɗa a kan kwami don rana ta daina shanye danshi. Ba su gama ba sai da aka kira magariba. Da za ta tafi ta ga bai cika bokitin ba. Ya rataye shi a ƙusa a cikin rumfa.

A gida ta faɗa wa mijinta. Yaya ya ce wannan bai canja komai ba, mutumin da yake kwance yana jin takun matacciya, ya bar shuka ta ƙone saboda bokiti, ai ba a bar shi shi kaɗai. Ta ce Baba bai ji abin da babu ba. Takun gaskiya ne, ruwan gaskiya ne, bokitin ma da gaske ana kife shi, in akwai fatalwa a gidan to ita Yaya yake aure, ya je ya kai ta wajen likitan. Bai yi dariya ba. Ya ce mota dai an riga an yi magana da ita, zai je ya gani da idonsa.

Da hantsi motar ta tsaya a ƙofar gida, direba ya kashe ya kwantar da kujera. Yaya ya shiga, matarsa a bayansa. Suka sami tsohon a lambu. Ya tsinke duk wani ɗa mai tabo, manya da ƙanana, har waɗanda tabon bai fi ƙwayar gero ba, ya tara su a fili a tsakiyar hanya inda kowa zai gani. Shukar ta koma kusan tsirara, daga ganye sai fure da 'yan ƙananan da ba su kai kan yatsa ba. Ƙasa a ƙarƙashin ciyawa tana da duhun danshi.

Aka gaisa. Kafinta ya nuna tarin ya ce waɗannan sun tafi, baƙin gindi ba ya warkewa a jikin wanda ya kama. Na kan reshe yanzu, in aka ba su ruwa daidai kullum, ba yunwa ba ƙoshi, za su fito lafiya. Yaya ya ce ba tumatir ya kawo shi ba, Baba ya sani. Uban ya ce ya sani.

Ya goge hannu a rigarsa. Ya dubi ɗan sosai, abin da ya daɗe bai yi ba, don idon uwar ne a fuskarsa. Tun ranar da aka yi rashin ba a taɓa jin ya faɗi kalmar ba, kullum sai dai ba ta nan, ko kafin ta kwanta ciwo.

"Uwarka ta mutu," ya ce. "Ba ta zuwa gidan nan. Ba ta taɓa zuwa ba."

Yaya ya kau da kai wajen katanga. Tambaya ɗaya ya yi: gobe in Baba ya fito ya sake samun wata alama, bokiti ko wani abu, me zai yi?

"Zan ba da ruwa."

Kalmomin ba su da yawa, amma duk wanda ke wurin ya ga abin da suka ci masa. Yaya ya tsaya yana kallon tarin tumatir, ƙudaje sun fara sauka. Sannan ya fita. Aka ji yana magana da direba, aka ji mota ta tashi, ta yi baya da ƙyar a ƙarshen layi, ta tafi. Ya dawo ya ce alkawari yana nan yadda yake, a ga yadda sababbin za su fito, amma likita dai za a je, ko don jini. Kafinta ya ce wannan ba gardama. Tela, wanda ya daɗe a kan kujerarsa a bayan katanga yana yi kamar yana duba rufinsa, ya tambaya ko za a ba shi tarin nan ya kai wa kajinsa. Kafinta ya ce ya zo ya kwasa da kansa, tunda kunnensa ya riga ya shigo gidan saura gangar jiki.

Surukar ta warware kwalayen da ta ɗaure, ta mayar da kwanuka inda suke. Ya raka su har ƙofa, abin da ba ya yi saboda gwiwa. Yaya ya yi gaba. Tsohon ya tsayar da ita da hannu.

"Likita, in kin zo da safe ki yi sallama da ƙarfi, ko ina barci. Ki kuma shigo da takalminki."

Ta ce to, Baba.

Washegari ba ranar zuwanta ba ce. Ya idar da asuba ya koma ya kwanta, ya juya fuska bango yadda ya saba. Barci bai zo ba. Famfo yana ɗiga. A gidan Tela an buɗe ƙofa, an yi tari, keken ɗinki ya fara. Can nesa wata mota ta wuce. Ya saurari baranda, ya daɗe yana saurare, yana sane sarai da abin da zai ji. Gidan da ya yi ta faɗa a kansa an bar masa, kuma sai yanzu ya ji faɗinsa, ɗaki bayan ɗaki, ba motsin kowa. Haske ya shigo ta ƙasan labule ya hau ƙafar gado. Ya san nan da kaɗan rana za ta kai kan kwamin tumatir. Ya yaye mayafi, ya sauko da ƙafafunsa ƙasa, ya laluba sandarsa.